Takarda ko takobi: wanne ne ya fi juya akalar tarihin duniya kafin shekarar 1500?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. A makon jiya na ba ɗalibaina na babbar sakandare aikin gida, na ce kowa ya rubuto mini abubuwa biyar da yake ganin sun sauya tafiyar duniya kafin shekarar 1500. Da na zauna dubawa sai na tarar kusan duk abin da suka kawo yaƙi ne ko faɗuwar birni, tun daga rushewar daular Rum ta yamma a 476 da yaƙin Yarmuk a 636, har zuwa faɗuwar Bagadaza a 1258 da cin Kustantiniya a 1453. Ban ga laifinsu ba, domin haka muka koya musu, mu ma haka aka koya mana. Duk da haka abin ya tsaya mini a rai, saboda ni a wurina shigowar takarda ƙasashen Musulmi a ƙarni na 8 ta fi yawancin waɗannan yaƙe-yaƙe nauyi, kuma ko yaro ɗaya bai ambace ta ba.

Ga hujjata. Kafin takarda abubuwa biyu ne ake rubuta littafi a kansu daga Farisa har zuwa Ingila, wato fatar dabba da aka kankare aka miƙar, da kuma bardi, wanda ake yi da wani kara da ke fitowa a bakin kogin Nilu. Bardi sai an sayo shi daga Masar kuma ba ya jure laima, fata kuwa tsadarta ta wuce misali. Akwai wani kwafin Baibul da aka rubuta a arewacin Ingila a farkon ƙarni na 8 wanda ya ci fatun maruƙa fiye da 500, kun ga ke nan mallakar littafi ɗaya kamar yanka garke guda ne. Ita takarda da tsummoki da tsofaffin igiyoyi ake yin ta, a jiƙa su, a kirɓa har su zama kamar ƙullu, a ɗebo da matankaɗi a shanya. Sinawa ne suka fara ta, kuma littattafansu sun ce wani bafade mai suna Tsai Lun ne ya gabatar da ita ga sarki a shekarar 105. Wajen 794, a zamanin Haruna Rashid, an fara yin ta a Bagadaza, kuma kafin a cika shekara ɗari masanin tarihi Yaƙubi ya ce akwai shaguna fiye da 100 na masu kwafar littattafai da sayar da su a wata kasuwa guda ta birnin. A wannan ƙarni na 9 ne Bukhari da Muslim suka tattara hadisai, Khuwarizmi ya rubuta littafinsa na aljabara, Hunain ɗan Ishaƙ ya fassara littattafan likitancin Girkawa zuwa Larabci. Ina jiran ra'ayinku.

Zainab:
Wa alaikumus salam Malam. Ina ganin ai maganarka ma ta komo kan yaƙi ne, domin abin da na karanta shi ne Musulmi sun samu sirrin takarda ne a yaƙin Talas na shekarar 751, lokacin da rundunar Abbasiyawa ƙarƙashin Ziyad ɗan Salihu ta kara da ta daular Tang ta Sin. An ce a cikin fursunonin da aka kawo Samarƙand akwai masu sana'ar takarda, su ne suka koya wa mutanen garin. Idan haka ne, ashe takobi ne ya buɗe wa takarda ƙofa, kuma da ɗalibanka sun sa Talas a jerinsu da sun jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Dakta Aminu:
Ƙanwata Zainab, wannan labari sananne ne, amma yana bukatar a yi masa duban tsanaki. Wanda aka fi jingina shi gare shi shi ne marubuci Sa'alabi, wanda ya rasu a 1038, wato kusan shekara 300 bayan yaƙin. Akwai kuma shaidu da ke nuna takarda ta riga wannan yaƙi isa tsakiyar Asiya da daɗewa. A 1907 an tsinci wasu wasiƙu a kufan wata hasumiyar tsaro kusa da Dunhuwang, waɗanda fataken Sugudu, wato mutanen ƙasar Samarƙand, suka rubuta a kan takarda wajen shekarar 313, kuma ɗaya daga cikinsu Samarƙand ɗin aka nufa da ita. Haka nan wani Basine mai suna Du Huwan, wanda shi kansa an kama shi a Talas, ya zauna shekaru a ƙasashen Musulmi kafin ya koma gida a 762, ya ambaci 'yan ƙasarsu da ya gani suna saƙa da zane-zane a can, amma a abin da ya rage na rubutunsa babu ambaton masu yin takarda.

Shi kansa yaƙin bai kai girman da ake ba shi yanzu ba. An ci rundunar Sin ne bayan da Turkawan Karluk da ke tare da ita suka juya mata baya, amma abin da ya fitar da daular Tang daga tsakiyar Asiya shi ne tawayen An Lushan da ya ɓarke a cikin gida a 755, wanda ya tilasta a janye sojojin iyaka. Saboda haka ina tare da Malam Habibu cewa takarda ta fi Talas muhimmanci, sai dai ni tambayar da ta fi damuna ita ce me ya sa abin da aka sani a gabas tun ƙarnuka bai bazu yamma ba sai a wannan lokaci.

Alhaji Mamman:
Ni tsoho ne, karatuna na zaure ne, amma zan sa baki. Malam Habibu, kana magana kamar ilimi ya jira takarda ne kafin ya tashi. Alƙur'ani fa a ƙirjin mutane aka fara adana shi, kuma da Zaidu ɗan Sabit ya zo tattara shi a zamanin Sayyidina Abubakar, daga faifan duwatsu da ɓawon reshen dabino da haddar sahabbai ya tattaro. Mus'hafin Sayyidina Usmanu a fata aka rubuta shi. Imamu Malik ya rasu a 795, daidai lokacin da ka ce an fara takarda a Bagadaza, alhali Muwaɗɗa ta riga ta kammala har ana zuwa Madina daga Andalus da Ƙairawan domin a ji ta daga bakinsa. Ibn Ishaƙ mai Sira ya rasu tun 767. Malamanmu ba su yarda da wanda ya ɗauki ilimi daga littafi kawai ba tare da ya durƙusa gaban malami ba, shi ya sa ake ijaza, shi ya sa ake lissafa isnadi. Har gobe a garuruwanmu yaro yana haddace izu 60 da allo da zuge, ana rubutawa ana wankewa, bai taɓa takarda ba sai ranar da zai fara rubuta Alƙur'ani da ka. Abin da ya sauya duniya a wancan zamani saƙon da ya fito daga Makka ne, takarda baiwarsa ce kawai.

Malam Habibu:
Allah ya ja kwana Baba Alhaji. Ban musa ko kalma ɗaya daga abin da ka faɗa ba, hasali ma ka amsa tambayar Dakta. Bukata ce ta riga takarda zuwa. Tun da Abdulmalik ɗan Marwan ya mayar da rubutun ofisoshin daula zuwa Larabci a ƙarshen ƙarni na 7, ga daula ta miƙe daga Andalus har Sindu, ga haraji da albashin soja da wasiƙun gwamnoni, ga kuma malamai da suka fara rubuta hadisi tun zamanin Umaru ɗan Abdul'aziz, sai fata ta kasa. Ibn Khaldun ya faɗi haka ƙarara, cewa da rubutu ya yi yawa fata ta yi kaɗan sai Fadlu ɗan Yahaya, ɗaya daga cikin waziran Barmakawa, ya ba da shawarar a riƙa yin takarda. An kuma ruwaito wani dalili, wato ita fata ana iya kankare rubutun da ke kanta a sauya adadin kuɗi ko sunan mutum, ita kuwa takarda tana shan tawada, duk wanda ya goge sai an gane.

Inda nake roƙon Baba ya dube ni shi ne batun yawa. Hadda tana riƙe Alƙur'ani da dubban hadisai, amma ba ta riƙe jadawalin taurari, ko zanen lissafin Iƙlidis, masanin lissafin Girkawa, ko tafsirin Ɗabari mai mujalladai masu yawa, wanda aka ruwaito cewa ya shafe shekara 40 yana rubuta waraƙa 40 kullum. Ko lambobin Indiya da muke lissafi da su yau, da farko a kan faifan da aka barbaɗa wa ƙura ake aiki da su ana sharewa, sai a ƙarni na 10 wani malami a Dimashƙu ya tsara yadda za a yi su da alƙalami a kan takarda. Abin da ya fi burge ni ma shi ne wanda ya samu damar karatu. Shahararren marubuci Jahiz ɗan talakawan Basra ne, kuma an ruwaito yana biyan masu shagunan littattafai domin su bar shi ya kwana ciki yana karatu. A zamanin fata irin wannan yaro ba shi da inda zai ga littattafai masu yawa haka sai a fadar sarki.

Alhaji Mamman:
To, wannan na yarda da shi. Amma ka riƙa gaya wa yaran cewa shi Alƙur'ani bai yi gaggawar komawa takarda ba, mutane sun daɗe suna ganin fata ta fi dacewa da girmansa, musamman a Magrib inda aka ci gaba da rubuta shi a fata ƙarnuka bayan gabas ta daina.

Malam Isuhu Damagaram:
Gaisuwa ga manya. Ni ban gamsu ba, kuma zan tsaya wa ɗaliban Malam Habibu a kan 1258. Abin da aka gina a shekara 500 an rushe shi a cikin kwanaki. Hulagu, jagoran Mongolawa, ya kewaye Bagadaza a ƙarshen Janairu, birnin ya miƙa wuya ranar 10 ga Fabrairu, aka yi kisan da har yau ba a daidaita kan adadinsa ba, aka kashe halifa Musta'asim, wanda gidansu ke riƙe da halifanci tun 750. Wannan ya fi ƙarfin a ce an ci gari ɗaya, domin daga nan ne Musulmin gabas suka wayi gari babu halifan da ake ambata a huɗuba. Da kuma Mamalik, sojojin da ke mulkin Masar, ba su tare Mongolawa a Ainu Jalut ba a watan Satumba na 1260, ƙarƙashin Ƙuɗuz da Baibars, da Alƙahira ma ta bi sahu, da kuwa hanyar da alhazanmu na da suke bi ta Masar ta shiga hannun wasu. Takarda tana da amfani, amma wuta tana cin ta a dare ɗaya, kuma mai riƙe da takobi ne yake yanke wa ɗakin karatu hukuncin ya tsaya ko ya ƙone. Ai an ce ruwan Dijla sai da ya yi baƙi saboda tawadar littattafan da aka zuba a ciki.

Dakta Aminu:
Malam Isuhu, bala'in 1258 gaskiya ne kuma ba wanda zai rage masa nauyi. Maganar baƙin ruwan Dijla kuwa a littattafan da aka rubuta daga baya ta shahara, don haka gara a riƙe ta a matsayin yadda mutane suka bayyana baƙin cikinsu. Akwai kuma abubuwan da ba a cika faɗa ba. Makarantar Mustansiriyya ba ta rushe ba, Ibn Baɗuɗa ya same ta ana karatu a ciki da ya ziyarci birnin a 1327, ginin kuma yana nan har yau. Yaƙut Musta'asimi, gwanin rubutun hannu na fadar halifa, ya tsira ya ci gaba da aikinsa a Bagadaza har ya rasu wajen 1298. Shi kansa Hulagu a 1259 ya ba Nasiruddin Ɗusi kuɗin gina wurin nazarin taurari a Maraga, tare da babban ɗakin littattafai.

Abin da nake so a lura da shi, wanda kuma ya ƙarfafa maganar Malam Habibu, shi ne ilimin bai mutu da birnin ba saboda ba a birni ɗaya yake ba. Littafin da aka kwafa sau ɗari ya watsu daga Ƙurɗuba zuwa Bukhara ba ya halaka don an ƙone kwafi goma. Baba Alhaji zai gyara mini idan na yi kuskure, amma yawancin abin da ake karantawa a zaurukanmu ko dai daga yamma ya fito, kamar Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan da Ashafa ta Alƙali Iyal, ko kuma a Sham da Masar aka rubuta shi a zamanin Mongolawan ko bayansu, kamar Alfiyya ta Ibn Malik wanda ya rasu a Dimashƙu a 1274, da Muhtasar na Halilu, da tafsirin Jalalaini.

Hajiya Rakiya:
Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba, amma akwai wani gefe da nake ganin duk kun tsallake. Idan takarda ita kaɗai ce ke juya tarihi, to Sin ce ya kamata ta mallaki duniya, domin ta riga kowa da ƙarnuka, ta kuma riga kowa ɗab'i. Akwai littafin addinin Buda da aka buga da sassaƙaƙƙen katako a 868 wanda yake nan har yanzu, kuma a ƙarni na 11 gwamnatin daular Song tana buga kuɗin takarda. To, a 1294 wani sarkin Mongolawa na Farisa mai suna Gaikhatu, da baitulmalinsa ya bushe, ya kwaikwayi wannan dabara ya buga kuɗin takarda a Tabriz, har da kalmar shahada a jiki, ya ce duk wanda ya ƙi karɓa a kashe shi. 'Yan kasuwa suka rufe shaguna, abinci ya ɓace daga gari, cikin kamar wata biyu aka janye kuɗin. Ni 'yar kasuwa ce, wannan labari ya shige ni sosai, domin na san ranar da mutane suka daina amincewa da abin da ke hannunsu ciniki ya tsaya ko da doka ta ce a yi. Takarda iri ɗaya ce a Sin da Tabriz, amanar da ke bayanta ce ta bambanta.

Ku kuma dubi abin da ya biyo baya. Musulmi ne suka kai sana'ar Andalus, har masanin labarin ƙasa Idrisi ya yabi takardar garin Shaɗiba na can a ƙarni na 12 ya ce ana kai ta gabas da yamma. Daga nan ta shiga hannun Turawa, kuma a ƙarni na 13 mutanen Fabriyano a Italiya suka sa ƙarfin ruwa yana ɗaga musu taɓaren kirɓa tsumma, suka riƙa yin ta da yawa da araha. Ba a daɗe ba sai ga shi mu ne muke saye a hannunsu, har a 1409 aka nemi fatawar Ibn Marzuƙ a Tilimsan kan ko ya halatta a yi rubutun addini a kan takardar Nasara, ya kuma halatta. Da Gutenbag ya buga Baibul ɗinsa a Jamus wajen 1455, kwafi kimanin 180 ya yi, kashi uku cikin huɗu a kan takarda. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda waɗanda suka koya wa Turai sana'a suka koma masu saye, kuma ban ga wani yaƙi guda da za a ɗora wa laifin wannan ba.

Malam Habibu:
Hajiya, wannan tambaya taki ta fi wadda na buɗe zaren da ita zafi, kuma na karɓi gyaran cewa kayan aiki ba ya aiki shi kaɗai. Abin da zan ƙara shi ne mu ma nan wannan sauyi ya taɓa mu kai tsaye. Masana harshe sun nuna cewa alƙalami da tawada daga Larabci muka aro su, amma kalmar takarda ta bakin Abzinawa ta iso mana, asalinta kuma kalmar Rumawa ce ta abin rubutu, wato sunan ma hanyar ayari ya biyo ya ƙetaro Sahara. Matafiyi Hasan Wazzan, wanda ya ziyarci Tambutu a farkon ƙarni na 16, ya ce littattafan da ake kawowa daga Magrib sun fi sauran haja riba a kasuwar garin. A ƙarshen ƙarni na 15 Magili ya zauna a Kano ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa nasiha kan mulki, Suyuɗi kuma daga Alƙahira ya aiko wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙa. Duk wannan hulɗa a bayan raƙumi ta zo, a ƙunshe cikin waraƙa.

Zainab:
Malam, maganarka ta sa na tashi na je na buɗe gafakar kakanmu, Allah ya jiƙansa, wadda ke ajiye a ɗakin mahaifina. Waraƙu ne warwara ba a ɗinke ba, rubutun hannu da baƙar tawada, wasulla da ja. Da na ɗaga ɗaya a hasken taga sai na ga hoton jinjirin wata guda uku a jere a cikin jikin takardar, ba da tawada aka yi su ba. Ina neman bayani daga masana.

Dakta Aminu:
Ki riƙe ta da kyau, ƙanwata, kada a bari laima ko gara su kusance ta, kada kuma a manna mata komai da sunan gyara. Wannan alama ta wata uku ta masu yin takarda ce na yankin Banis a arewacin Italiya, waɗanda suka riƙa yin ta musamman domin kasuwannin Musulmi. Tana sauka Tarabulus, ayari ya ɗauko ta ta Gat da Agadas har Kano, wata kuma ta biyo ta Masar, kuma Bature matafiyi Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya ambace ta a cikin hajar da ake kawowa daga arewa. Yawancin rubuce-rubucen malamanmu na ƙarni na 19 a kan irinta suke. Ita dabarar sa alama a cikin takarda ma a Fabriyano ɗin da Hajiya ta ambata aka fara ta, a ƙarshen ƙarni na 13.

Malam Isuhu Damagaram:
Na ji hujjojinku kuma na ƙaru, musamman da batun Mustansiriyya wanda ban sani ba a da. Amma har yanzu ina kan bakana cewa da an ci Mamalik a Ainu Jalut da babu Alƙahirar da Halilu da Suyuɗi za su zauna su yi rubutu, don haka Malam Habibu kada ya rage wa yaran da suka kawo yaƙi maki. Akwai kuma abu na uku da ba takarda ba ne ba takobi ba, wanda babu wanda ya ambata a cikinmu, wato annobar da ta iso Iskandariyya da Sikiliya a 1347, ta kashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai, ta yi wa Masar da Sham mummunar ɓarna, ta kuma ɗauke wa Ibn Khaldun uwa da uba da malamansa a Tunis yana saurayi. Ina roƙon Dakta ya duba mana ko ƙarancin hannun ma'aikata da ta haddasa a Masar yana da alaƙa da tambayar Hajiya kan yadda sana'ar takarda ta kuɓuce mana.